Labarin Dogayen Benaye Uku na Birnin Shanghai

Shanghai babban birni ne a ƙasar Sin, kusa da inda kogin Yangtze ya faɗa cikin teku. Wani kogi kuma, ana ce da shi Huangpu, ya ratsa garin ya raba shi biyu. Tun shekarar 1843, bayan da Ingilishi suka ci Sarkin Sin da yaƙi suka tilasta masa ya buɗe musu garin don ciniki, arziki duk a hayin yamma ya taru. Can Turawa suka jera bankunansu da kantunansu a bakin ruwa. Hayin gabas kuwa, watau Pudong, galibinsa gonaki ne da ɗakunan ajiye kayan jirage. Har mutanen garin sukan ce gara mutum ya sami gado ɗaya a yamma da ya sami ɗaki sukutum a gabas.

A cikin 1990 gwamnati ta yanke shawara a mai da Pudong cibiyar ciniki. Aka shirya gina benaye uku daura da juna, kowanne ya zama kamar gari guda: kantuna a ƙasa, ofisoshi a tsakiya, masauƙin baƙi a bisa. Na fari, Jin Mao, an gama shi a 1999. Tsawonsa ƙafa 1,380 ne, hawa 88, domin mutanen Sin suna ɗaukar takwas lamba ce mai sa'a.

Na biyu shi ya fi ba da wahala. Wani kamfanin Japan, Mori, shi ya ɗauki nauyinsa. An sa harsashi a 1997, sai ciniki ya karye a ƙasashen Asiya, kuɗi suka yanke, aiki ya tsaya cik har 2003. Da aka komo kansa kuma sai wata rigima ta taso. Masu zanen ginin sun bar wata ƙatuwar kafa kewayayya a ƙolinsa don iska ta riƙa wucewa. Mutanen gari suka ce wannan ai ranar nan ce ta tutar Japan. To, sojan Japan sun ci Shanghai a 1937, sun yi ɓarna mai yawa, tsofaffi kuwa ba su manta ba. Wa zai yarda a ɗaga masa alamar wanda ya zalunce shi bisa kansa? Aka sāke kafar ta zama mai kusurwa huɗu, aka gama a 2008, hawa 101, ƙafa 1,614. Masu ba'a suna kiransa mabuɗin kwalba, kuma lalle ya yi kama.

A shekarar nan aka soma na uku, Hasumiyar Shanghai, aka gama a 2015. Hawa 128 ne, tsawonsa ƙafa 2,073. Magina sun yi fama da abu biyu, ƙasa da iska. Ƙasar wurin laka ce wadda kogi ya tara, ba dutse kusa. Saboda haka aka kafa turaku na siminti da ƙarfe wajen dubu, kowanne ya nutse fiye da ƙafa 250, sa'an nan aka zuba musu daɓe mai kaurin ƙafa 20. Iska kuwa, guguwar teku takan faɗo wa garin da damina. Sai aka murɗa ginin kamar igiya tun daga gindi har bisa, don in iska ta bugo ta zame. Wannan dabara ta rage ƙarfin bugunta da kusan rubu'i. Can ƙoli kuma aka rataye wani nauyi na tan 1,000. In ginin ya karkata gabas, nauyin ya ja shi yamma, kada na ciki su ji jiri.

Amma gama gini daban, samun masu haya daban. Shekarun fari hawa da yawa sun zauna wayam, masauƙin baƙin ma sai 2021 aka buɗe shi. A shekarar ce gwamnati ta hana a ƙara gina benen da ya wuce ƙafa 1,640, don ta ga garuruwa sun shiga gasa da kuɗin da ba su mai da kansu. Har yanzu dai babu ginin da ya kai wannan hasumiya tsawo a ƙasar Sin duka.