Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Tarihin Hoton Baƙar Fata a Talabijin ɗin Koriya ta Kudu

Gabatarwa

Duk mai lura da abin da ake kallo a gidaje daga shekarun 2000 zuwa yau ya san cewa wasannin kwaikwayon Koriya ta Kudu sun samu gindin zama a duniya, har da nan wajenmu. Tun daga Dae Jang Geum na 2003 da Jumong na 2006, waɗanda suka zaga ƙasashe a faifai, har zuwa Squid Game na 2021 da Netflix ta yaɗa, jama'a sun karɓe su hannu bibbiyu saboda iya tsara labari, da ladabi ga manya, da kunyar da suke nunawa a soyayya. To amma mai kallo baƙar fata, in ya daɗe yana bin su, wata rana sai ya ci karo da hoton da aka ce nasa ne: ko ɗan daba mai ban tsoro, ko wawan da aka kawo don a yi dariya, ko kuwa mayunwaci mai jiran taimako.

Abin tambaya a nan shi ne, a ina marubutan Koriya suka samo wannan hoto? Ƙasarsu ba ta taɓa mallakar ko taƙi ɗaya na Afirka ba, ba ta kuma yi fataucin bayi daga can ba. Hasali ma ita kanta ta ɗanɗani mulkin mallaka. Idan muka bi sawun tarihi za mu tarar cewa hoton na aro ne. Daga waje ya zo, ya tarar da wata aƙida a gida da ta ba shi masauki, sannan aka yi ta gadonsa hannu da hannu ba tare da an tsaya an dubi mutanen da ake zanawa ba.

Aƙidar Jini Ɗaya

Masarautar Joseon ta daɗe da rufe ƙofofinta ga baƙi, sai a 1876 Japan ta tilasta mata buɗewa, a 1882 kuma ta ƙulla yarjejeniya da Amurka. A wannan zamani ne masu ilimin Koriya suka fara karanta littattafan Turawa, galibi ta hanyar fassarar Japanawa, kuma a cikinsu suka tarar an jera 'yan Adam hawa-hawa bisa launi: farare a sama, mutanen Gabas a tsakiya, baƙaƙe a ƙasa. Jaridar Tongnip Sinmun, wadda aka kafa a 1896 don wayar da kan jama'a, ta buga irin wannan jeri a matsayin ilimi. Ke nan tun kafin yawancin 'yan Koriya su taɓa sa baƙar fata a ido, an riga an faɗa musu matsayinsa.

Daga 1910 zuwa 1945 Japan ta mallaki Koriya, har ta kai ga matsa wa mutane su ɗauki sunayen Japanawa a 1940. Makamin da 'yan kishin ƙasa suka riƙe shi ne aƙidar cewa su al'umma ce ɗaya, mai jini ɗaya, zuriyar kaka ɗaya da ake kira Dangun. Masanin tarihi Shin Chae-ho na daga cikin waɗanda suka kafa wannan tunani tun a 1908. A lokacin garkuwa ce, domin ita ta hana al'ummar narkewa. Sai dai garkuwar da ta kare su daga Japan ita ce daga baya ta zama shinge ga duk wanda kamanninsa suka bambanta, ko da kuwa a cikinsu aka haife shi.

Abin da Bariki Ya Kawo

A 1945 sojojin Amurka suka sauka a kudancin Koriya, kuma da wariyarsu suka zo. Ko da yake shugaba Truman ya ba da umarnin haɗe rundunoni a 1948, an shiga yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 da sauran rundunoni na baƙaƙe zalla, irin su runduna ta 24 ta sojan ƙasa, wadda sai a 1951 aka rushe ta. Bayan yaƙin, garuruwa suka tsiro a bakin barikoki, kamar Dongducheon da Uijeongbu da Pyeongtaek, masu rayuwa da dalar soja. Gidajen rawa da mashaya na waɗannan wurare sun rabu gida biyu, na farare daban, na baƙaƙe daban, kuma mai gidan da ke son ciniki ya san cewa in ya karɓi baƙaƙe farare za su ƙaurace masa. A watan Yuli na 1971 abin ya kai ga tarzoma a Anjeong-ri, kusa da barikin Humphreys, inda sojoji baƙaƙe suka far wa gidajen da ke nuna musu bambanci, mutanen gari kuma suka mayar da martani. Ta haka talakan Koriya ya koyi darajar launi, daga ganin wanda ke ba da umarni da wanda ake hana wa shiga.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne 'ya'yan da aka haifa tsakanin sojojin da matan Koriya. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 jinin uba take bi, sai a 1998 aka fara la'akari da na uwa, rajistar iyali kuma a ƙarƙashin sunan namiji take. Yaron da ubansa ya koma Amurka sai ya tashi kamar ba shi da gurbi, in kuwa uban baƙar fata ne, to abin gorin ya zama biyu. Gwamnatin Syngman Rhee ta ga mafita ita ce a fitar da su. A 1955 wani Ba'amurke, Harry Holt, da matarsa Bertha suka ɗauki yara takwas, daga nan ƙofar ta buɗe, har aka kai kimanin yara 200,000 riƙo a ƙasashen waje cikin shekarun da suka biyo baya, kuma 'yan ruwa biyu ne aka fara da su.

Akwai kuma wani tarihin da ya kamata a ce ya ba da hoto daban. Sarki Haile Selassie na Habasha ya aika da rundunar Kagnew a 1951, kuma sojoji wajen 6,000 ne suka yi aiki a Koriya, fiye da 120 suka kwanta dama a can. A birnin Chuncheon akwai wurin tunawa da su. Amma hoton Bahabashen da ya ba da ransa bai kama zukatan masu shirya wasanni ba kamar yadda hoton da finafinan Amurka suka kawo ya kama.

Akwatin Talabijin

Al'adar shafa baƙi a fuska don kwaikwayon baƙar fata a Amurka ta girma. Tun wajen 1830 wani farar fata, Thomas Rice, ya yi suna da wasan Jim Crow, inda yake shafa toka baƙa, ya kumbura leɓe, ya yi ta tsalle-tsalle kamar dolo. Daga dandali abin ya shiga fim, ya ƙetara har Ingila, inda BBC ta yi ta nuna irinsa daga 1958 zuwa 1978. A Koriya kuwa, tashar talabijin ta sojojin Amurka ta fara aiki a 1957, shekara huɗu kafin KBS ta buɗe tata a ƙarshen 1961, kuma tashoshin gida sun daɗe suna cike lokacinsu da finafinan Amurka. Yaran da suka zama marubuta da daraktoci daga baya da wannan nono aka shayar da su.

A 1987 KBS ta fito da wani wasan barkwanci mai suna Sikeomeonseu, wato “baƙaƙe ƙirin”, inda 'yan wasa biyu, Lee Bong-won da Jang Du-seok, ke shafa baƙi su sa hular gashi mai cukurkuɗe suna rawa da waƙa. Wasan ya karɓu ƙwarai. An dakatar da shi ne gab da gasar Olamfik ta Seoul a 1988, don gudun kada baƙin da za su zo su gani su ji haushi. Wannan dalili abin lura ne, domin ya nuna an san abin na da ciwo, amma kunyar idon baƙo ce ta sa aka ɓoye shi, shi ya sa da baƙi suka tafi ya dawo. A 2003 wata ƙungiyar mawaƙa mata, Bubble Sisters, ta fito da fuska a shafe. A 2012 an maimaita a wani shirin MBC, a 2017 kuma a wani shirin barkwanci na SBS, inda 'yar wasa Hong Hyun-hee ta yi shigar da aka ce ta mutanen Afirka ce. Kusan kowane karo zancen ɗaya ne: ba da nufin cin fuska aka yi ba, a yi haƙuri.

Wasanni Masu Dogon Zango

A wasannin kwaikwayo abin ya ɗauki salo uku. Na farko shi ne na dariya. A Backstreet Rookie na SBS, wanda aka fara nunawa a watan Yuni na 2020, makonni kaɗan bayan kisan George Floyd a Amurka, an sa wani ɗan Koriya ya yi gashin dada irin na 'yan Rasta na Jamaika, aka kuma nuna gashin a matsayin ƙazanta har da ƙudaje. Na biyu shi ne na tsoro. A zango na uku na Penthouse, a 2021, ɗan wasa Park Eun-seok ya fito a matsayin Alex Lee, da dada da haƙoran zinare da zane a jiki, yana kwaikwayon maganar baƙaƙen Amurka, duk don a nuna mutum ne mai haɗari. Da suka ta yi yawa daga masu kallo na waje, sai ya nemi afuwa. Wannan tsoro yana da nasa tushen, domin a tarzomar Los Angeles ta watan Afrilu na 1992 an lalata shagunan 'yan Koriya fiye da 2,000, kuma hotunan ƙone-ƙonen sun isa Koriya fiye da yadda labarin Latasha Harlins ya isa, wato yarinyar nan baƙar fata 'yar shekara 15 da wata mai shago 'yar Koriya ta harbe a 1991.

Salo na uku shi ne na tausayi, kuma shi ya fi wuyar ganewa don da fuskar alheri yake zuwa. A Shooting Stars na tvN, a 2022, tauraron labarin ya tafi “Afirka” aikin sa-kai na haƙa rijiya, kamar dai nahiyar mai ƙasashe 54 ƙauye ɗaya ce. Mutanen wurin ba su da wani aiki a labarin illa su nuna kyan zuciyar tauraro.

Duk da haka an samu masu ƙoƙari. A Itaewon Class na JTBC, a 2020, akwai Kim To-ni, saurayi da uwarsa 'yar Gini ce, ubansa ɗan Koriya, wanda Chris Lyon ya taka. Kowa ya gan shi sai ya ɗauka Turanci yake ji, alhali Koriyanci da Faransanci ne harsunansa, kuma an nuna yadda aka hana shi shiga wani gidan rawa saboda launinsa. Wannan mutum ne mai buri da fushi da dangi. Sai dai ko a nan, hujjar da labarin ya ba shi ta zama ɗan gida ita ce jinin ubansa, wato tsohuwar aƙidar ce ta sake leƙowa ta taga.

Masu Ja da Hoton

Sauyin da aka samu yawancinsa daga mutanen da abin ya shafa ya fito. A 2001 wasu ma'aikata baƙi, cikinsu har da ɗan Gana, tare da wani limamin coci, suka kai ƙara gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar a kan fensirin kalar yara da ake kira “launin fata”. Hukumar ta goyi bayansu a 2002, kuma a 2005 aka raɗa wa launin sunan wani ɗan itace. A 2006 Hines Ward, ɗan wata 'yar Koriya da soja baƙar fata, ya zama gwarzon wasan ƙarshe na ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, ya kuma ziyarci Seoul, inda shugaba Roh Moo-hyun ya karɓe shi. Ƙasar da ta fitar da irinsa waje sai ga ta tana alfahari da shi, kuma jaridunta sun yi ta tambayar kansu a kan haka. A 2007 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata ya ja hankalin Koriya a kan zancen “tsarkin jini”. Mawaƙiya Insooni, wadda aka haifa a 1957 ta kuma sha gori tun tana yarinya, ta buɗe makaranta a 2013 don yara irinta. Han Hyun-min, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, ya yi fice a tallan kayan sawa har mujallar Time ta sa shi cikin matasa masu tasiri a 2017.

Amma faɗar gaskiya na da tsada. Sam Okyere, ɗan Gana da ya je karatu a 2009 ya kuma yi suna a talabijin tun daga 2014, ya soki wasu ɗaliban sakandare a 2020 da suka shafa baƙi suna kwaikwayon masu rawa da akwatin gawa na ƙasarsa. Sai reshe ya juye da mujiya: aka yi masa ca, aka tono nasa tsofaffin laifuffuka, ya nemi afuwa, ya kuma bar shirin da yake fitowa. Dokar hana nuna bambanci ta bai-ɗaya kuwa, tun 2007 ake kai ta majalisa tana faɗuwa, kuma har 2024 ta ƙare ba a zartar da ita ba, duk da cewa baƙi mazauna ƙasar sun haura miliyan 2 tun 2016.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, abin da wannan tarihi ke nuna mana shi ne, ba lallai sai marubuci ya ƙi mutum ba ne yake zaluntarsa a takarda. Ya isa ya zana shi daga abin da ya ji ko ya gani a fim ɗin wani. Hoton da aka ƙera a dandalin Amurka wajen 1830 ya rayu a Seoul har 2021, don kuwa kowane marubuci ya tarar da shi a ajiye, ɗaukarsa ta fi sauƙi a kan zuwa Itaewon a zauna da baƙar fata a ji ta bakinsa. A da ana yi ne a cikin gida ba mai gani, yau kuwa wanda aka zana yana zaune a Akara ko Kano ko Atlanta yana kallo, kuma yana da bakin magana.

Laifi tudu ne, in ji masu iya magana. Duk wanda ya ɗauki alƙalami zai sa baƙo a labarinsa, ɗan wata ƙabila ne ko ɗan wata ƙasa, to ya tambayi kansa inda ya san shi. In a bakin mutane ne kawai, ya ajiye alƙalamin tukuna ya je ya gani, domin gani ya kori ji. Allah ya sa mu dace.