Iyaka a Inda Giraf Ya Tsinke

A lissafin kalkulas, iyaka ita ce ƙimar da layin giraf yake dosa yayin da aka matso kusa da wata lamba. Idan layin ya tsinke, sai a biyo shi ta hagu, a kuma biyo shi ta dama. In duka sun doshi ƙima ɗaya, ita ce iyakar. In sun saɓa, babu iyaka.

Masu POS a Gyadi-Gyadi da Tarauni sun san irin wannan tsinkewa: harajin tura kuɗi da dokar 2020 ta kafa bai shafi ƙasa da naira 10,000 ba, amma daga nan sama ya kasance naira 50. Iyakar hagu 0, ta dama 50, don haka a 10,000 babu iyaka.