Asalin Kalma: Majigi

Kalmar majigi, wadda ake kiran na'urar haska hoto a bango da ita, aro ce daga lafazin Turawa mai nufin sihiri, domin fitilar sihiri suke ce wa akwatin farko mai jefa sura jikin allo. Bayan da Ingila ta kafa sashen fina-finan mulkin mallaka a 1939, motoci suka riƙa zaga garuruwan Arewa, a ɗaure farin ƙyalle a dandali bayan magariba, tafinta na bayanin tsafta da noma ta lasifika. Malamai sun ƙyamaci silimar kuɗi, amma majigi, kasancewarsa kyauta kuma da iznin sarki, bai sha wannan zargi sosai ba.