Daga wuri zuwa naira: abin da nake fara koyarwa a makon farko

1/ Jama'a, an koma makaranta, to ga zare. Ni malamin firamare ne a yankin Shinkafi, ta wajen Galadi. Ranar farko na rubuta 500 a debe 350 a allo, aji huɗu suka yi tsit. Na ce to, mutum ya sayi ƙosan 350 ya ba ka 500, nawa ne canjinsa? Wata yarinya ta ce 150 tun ban rufe baki ba.

2/ Lissafin tana da shi. Rubuta shi ne ba ta iya ba. Kuma wanda ke kanta ya girmi allon nan nesa ba kusa ba.

3/ Kafin Turawa, kuɗinmu wuri ne. Bature matafiyi Heinrich Barth ya ga yadda ake ƙirga shi a Tasawa a 1851: biyar-biyar ake ja da yatsu, a tara tsibi-tsibi har a kai dubu. Wuri 20,000 shi ne keso ɗaya. Ku yi tunanin cinikin doki da irin wannan kuɗi. Duk falken da bai iya ninkawa ba, ya shiga uku.

4/ Kalmomin ma tarihi ne. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin, duk aron Larabci ne, ta hanyar malamai da fatake. Kafin su akwai hauya, wato 20, da gomiya uku, wato 30. Af, mutumin Katsina, Muhammad al-Katsinawi, ya rubuta littafi kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

5/ A 1929 jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya, nan layin ya tsaya. Gyaɗa da auduga suka koma kan sikeli, kuɗi ya koma fam da sule da kwabo. Manomi ya kawo kaya, akawu ne ke riƙe da alƙalami. In ba ka da ɗan da ya iya lissafin takarda, abin da aka ce maka shi ke nan.

6/ Kuma lissafin nan ba wasa ba ne. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Taro kwabo 3, sisi 6, nai 9, dala sule 2. Mahaifina ya yi elementare a Ƙaura, har ya tsufa yana gwada mu: sule 7 da taro, a tara da sule 5 da nai?

7/ Amsa sule 13. Taro da nai sun cika kwabo 12, sai su zama sule ɗaya, ka ɗora a kan 12. Wato yaro ɗan shekara takwas yana ajiya da aro a kan 12 da kuma 20 cikin tambaya guda. Mu yau 10 kaɗai muke fama da ita, muna ta kuka.

8/ Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta zo. Fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. Sai ga UPE a Satumban 1976, yara suka cika azuzuwa, aka horar da malamai a gurguje. Aiki ya yi sauƙi a takarda, amma a ganina nan haddar "biyu sau biyu" ta samu gindin zama: aji ya yi yawa, malami ɗaya, sai rera jadawali kamar waƙa.

9/ Namu zamanin kun san shi. A Satumban 2021, bayan sace ɗalibai a Kaya ta Maradun, an rufe makarantun Zamfara, aka katse layin waya. A ƙauyukan Shinkafi da Zurmi akwai yaran da gudun hijira ya cinye musu zango bayan zango. Sun dawo da tsawo, an sa su aji huɗu, littafin kuma ya ɗauka sun gama na aji biyu.

10/ Shi ya sa makon farko ba na buɗe littafin. Marafan kwalba da karan dawa nake sa su kawo, mu ɗaure goma-goma, mu kafa kasuwa a tsakar aji. In za a debe 8 daga 32, sai yaro ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa. Daga nan ne nake cewa wannan shi ake kira aro.

11/ Jiya yarinyar nan ta rubuta 500 a debe 350 da kanta. Ta samu 250, ta kalli allo, ta ce Malam wannan canjin ya yi yawa, ta goge ta sake.