Matamai: Ƙasa, Sarauta da Mulki

Garin Matamai yana kudu maso yammacin birnin Damagaram, bisa hanyar da ta rabu da babban titi a Takeita, ta bi ta Kance, ta nufi Ɗan Barto a bakin iyaka, daga nan sai Daura da Kano. Ƙasar yawancinta jigawa ce, wadda ta karɓi hatsi da dawa da wake da gujiya, amma ƙoramu sun ratsa ta, kuma ruwa ba shi da nisa a fadamunsu, saboda haka ake noman rake da rogo da kayan lambu da rani. Gawo ya cika gonaki, manoma kuwa suna kiyaye shi, domin da damina yake zubar da ganye, ya taki ƙasa ba tare da ya yi wa shuka inuwa ba.

Tushen sarautar wannan yanki a Kance yake. A ƙarni na 19 Kance ta shiga ƙarƙashin ikon Damagaram, wadda ta kai matuƙar ƙarfinta zamanin Sarki Tanimu (1851–1884). Faransawa suka ci Zinder a 1899, sa'an nan tsakanin 1906 da 1908 aka shata iyaka da ƙasar da Ingilishi suka mallaka. Iyakar ta raba mulki, amma ciniki da auratayya da mutanen Daura ba su yanke ba.

Gujiya ce ta ɗaukaka Matamai. Da cinikinta ya bunƙasa a shekarun 1950, aka kafa masana'antar man gujiya a garin, kasuwa ta cika, baƙi suka zauna. Gyaran mulki na 1964, wanda ya kasa Nijar gunduma-gunduma, ya sa Matamai ta zama mazaunin wakilin gwamnati, sarkin ƙasa kuwa ya ci gaba da zama a Kance. Tun daga lokacin yankin ke da cibiya biyu, ta sarauta da ta ofis, talaka kuma ya san ƙofar da zai nufa da rigimar gona da wadda zai nufa da takarda. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gujiya a 1975 sun karya wannan arziki, manoma suka ƙara ba da ƙarfi ga hatsi da wake da aikin fadama.

Dokokin 2002 sun kafa ƙananan hukumomi, aka yi zaɓen kansiloli na farko a 2004. Gundumar, wadda yanzu ake kira Kance ko da yake babban garinta Matamai ne, ta sami ƙananan hukumomi 9: Matamai, Kance, Ɗan Barto, Dawce, Dungu, Ishirnawa, Kurni, Tsauni da Yawuri. Ƙidayar 2012 ta sami mutane kusan 400,000 a gundumar, abin da ya sa ta cikin wurare mafiya cunkoso a Nijar. A watan Afrilu na 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun, ta naɗa jami'ai su riƙe.

Abin lura ga masu tsara yaƙi da jahilci shi ne, inda jama'a suka yi yawa gona ta yi kaɗan, kowace shekara gado da jingina da saye da aro na ƙara haddasa husuma. Ana yin shari'ar da Hausa a gaban mai gari ko sarki, amma takardar shaida da rasit na haraji da Faransanci aka saba rubuta su, manomi kuwa ya dangwala yatsa a kan abin da bai karanta ba. Tun da dokar Maris 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ya kamata a tattara kalmomin gona da na sarauta daga bakin dattawan Kance da Matamai, a daidaita rubutunsu, a gina littattafan karatun manya a kan waɗannan takardu da manomi ke cin karo da su kullum.