Na'urar gargaɗin ƙananan jirage: Amfaninta da iyakarta

A lokacin hunturu, wanda ke tsaye a Ƙofar Nassarawa a birnin Kano yakan ji rugugin jirgin sama a bisa kansa amma ya kasa ganinsa saboda hazo.

Wannan hazo ya fi zama barazana ga matuƙin ƙaramin jirgi, wanda idonsa ne madogararsa wajen kauce wa karo da wani jirgin.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta ƙiyasta cewa matuƙi na buƙatar daƙiƙa 12 da rabi daga hango jirgi zuwa kauce masa.

Tun shekarar 2005, ƙa'idar hukumar ICAO ta duniya ta wajabta wa jiragen haya masu nauyin fiye da kilo 5,700, ko masu ɗaukar fasinja fiye da 19, su maƙala na'urar hana karo ta TCAS.

Ƙananan jirage, irin na koyon tuƙi a kwalejin Zariya, ba sa cikin wannan ƙa'ida. Don haka wasu matuƙa kan shiga jirgi da 'yar na'urar tafi-da-gidanka.

Yadda take aiki

Na'urar dai saurare kawai take yi. Idan radar ta nemi bayani daga wani jirgi, sai ta tsinci amsar, ta ƙiyasta nisansa da tsayin da yake tafiya, sannan ta yi ƙara.

Sababbin na'urorin suna karɓar saƙon ADS-B, wanda ke nuna ainihin wurin da jirgi yake ta hanyar tauraron ɗan'adam.

Iyakarta

Sai dai na'urar ba ta ganin jirgin da ba ya aika saƙo, kuma ba ta faɗa wa matuƙi ko ya hau sama ko ya yi ƙasa.

Haka kuma gargaɗi shi kaɗai ba ya isa. A watan Nuwamban 1996, jirgin kamfanin ADC da ya taso daga Fatakwal ya faɗa ruwa kusa da Legas yayin kauce wa wani jirgi, bayan TCAS ta yi gargaɗi. Mutane 144 suka rasu.

Amfanin na'urar shi ne ta sa matuƙi ya ankara da wuri, amma ba ta maye gurbin idonsa ko umarnin masu kula da zirga-zirgar jirage.