Hayaƙi a Bakin Mutanen Rano da Kibiya: Nazarin Ma'ana da Amfanin Kalma

Tsakure

Maƙalar ta nazarci ma'anonin kalmar hayaƙi a maganar yau da kullum ta Rano da Kibiya, a kudancin Jihar Kano. Ta nuna cewa aikatau da ke rakiyar kalmar, tare da niyyar wanda ya hura wutar, su ke fayyace ko cuta ake nufi ko magani.

Gabatarwa

A Turanci kalma guda, smoke, ita ce sunan abin da ke tashi daga wuta, ita ce kuma aikatau na mai shan taba da na mai gyaran kifi. Hausa ta rarraba wannan aiki. Hayaƙi suna ne. Taba shanta ake yi ko a busa ta, kifi a ƙyafe shi ya zama banda, tufa kuma a turara ta. Ƙamusoshi, tun daga na Bargery na 1934 zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, aikinsu bayar da ma'ana a taƙaice, don haka akwai buƙatar a bi kalmar zuwa inda ake furta ta. An zaɓi Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, da maƙwabciyarta Kibiya, saboda ƙasar noma ce da akasarin gidaje ke girki da ice da karan dawa. Hanyar binciken ita ce sauraron hira a madafa, kasuwa da bakin tasha, sannan a gwada jimlolin a kunnen masu harshen.

Iyakokin kalmar

Mai magana ba ya haɗa hayaƙi da danginsa. Abin da ke tashi daga tukunyar ruwan zafi tururi ne, na hunturu hazo, na hanya ƙura. Baƙin da hayaƙi ya bari a rufin madafi kunkunniya ce, warin abin da ya kama a gindin tukunya kuma ƙauri. Sharaɗin hayaƙi ɗaya ne: a sami abin da wuta ke ci. Shi ya sa bakanike ke kiran abin da ke fita daga salansar babur hayaƙi, har yana karanta lafiyar inji daga launinsa. Ya kamata a lura cewa hayyaci, na "ya fita daga hayyacinsa", wata kalma ce dabam, duk da kamar sauti.

Hayaƙin da ya zo da wanda aka yi

Nan ne kalmar ta fi wadata. A dubi jimloli biyu: "wutar tana hayaƙi" da "an yi wa yaron hayaƙi". Ta farko ƙorafi ce. Da damina, idan ice ya jiƙe, mai girki takan durƙusa gaban murhu tana fifita wuta da faifai, ido ya yi jawur, hawaye na zuba, ga goyo a baya yana tari. Wannan hayaƙi ba a gayyace shi ba, kuma aikatau da ke binsa na takura ne: ya turnuƙe, ya shaƙe, ya cika ido.

Jimla ta biyu kulawa ce. An ɗebo garwashi a kasko, an barbaɗa tazargade ko habbatus sauda ko ƙaron hano, an lulluɓe maras lafiya da mayafi don ya shaƙa. A nan hayaƙi sunan magani ne kai tsaye. Mai magani kan ce "wannan na sha ne, wannan na wanka, wannan na hayaƙi", kuma kowa ya gane. Idan ƙamshi ake nema, sai sunan ya koma turaren wuta, wanda ake haɗawa da kajiji da itatuwa masu ƙamshi don ɗakin amarya da mai jego. Babu matar da za ta ce ɗakinta ya cika da hayaƙi alhali turare ta sa, ko da ba a iya ganin bango. Abin da ke shiga huhu bai canza ba, sunan ne ya bi niyya.

Ma'ana ta aro

Kirarin nan "hayaƙi fid da na kogo" daga aikin farauta ya samo asali: a hura wuta a bakin rami, gafiya ta fito dole. Masu cire zuma daga amya ma da hayaƙi suke korar ƙudan zuma. Sai aka ɗora kirarin ga mutumin da ke tilasta wa mai taurin kai ya bayyana. Ra'ayin wannan maƙala shi ne aikatau hayayyaƙo, na wanda ya taso da faɗa, yana ɗauke da wannan hoto na abin da ke turnuƙowa ba sallama. Inda Bature ke haɗa hayaƙi da wuta don ya ce zance ba ya tashi ba dalili, dattijon Rano cewa yake ruwa ba ya tsami banza. Almajirai kuma sun san kalmar a matsayin fassarar Duhan, sunan sura ta 44. Rediyo ya ƙara nasa: hayaƙi mai sa hawaye, wanda a titi ake kira barkonon tsohuwa.

Abin da wannan ke nufi ga masu wayar da kai

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi zama kusa da murhu. Saƙon da ya tsaya ga cewa "hayaƙi yana cutarwa" zai isa kunnen uwar da ta yi wa ɗanta hayaƙi jiya da dare don ya warke, kuma da wuya ta ɗauka da ita ake. Ma'aikaciyar lafiya a Kibiya ko Rano tana buƙatar ta ambaci kowanne da sunansa: hayaƙin murhu, turaren ɗakin jego, da hayaƙin magani da ake lulluɓe jariri a kansa.